Rajistar Kamfani Ba Ta Kare Tambarin Kaya

Yawancin masu sayayya a kasuwanninmu da tambari suke gane kaya, watau hoto ko suna ko zanen da ke jikin kwalin sabulu ko bakin atamfa. Saboda haka duk wanda ya kwaikwayi tambarin wani, to, ya kwashe masa masu ciniki da sunan da ya yi shekaru yana ginawa.

'Yan kasuwa da yawa suna zaton da zarar sun yi rajistar sunan kamfaninsu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, shi ke nan tambarinsu ya tsira. Wannan kuskure ne babba, gama tambari yana da ofishinsa dabam a Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki ta Tarayya a Abuja, bisa Dokar Tambarin Kaya ta 1965. A can ake bincikawa a ga ko wani ya riga shi. In ba a samu ba, sai a buga tambarin a mujallar ofishin, a ba duk mai ƙorafi wata biyu ya kawo kuka. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan sai a riƙa sabunta ta duk shekara 14. Wanda kuwa ya jingine tambarinsa shekara 5 bai yi amfani da shi ba, ana iya neman a soke masa.

Marar rajista ma yana da hanyar kai ƙara, amma aiki ne ja, domin sai ya gamsar da alƙali cewa jama'a sun san shi da wannan suna, kuma kwaikwayon zai ruɗe su. Haka aka yi a 1961, lokacin da masu sayar da magani na Niger Chemists suka kai ƙarar wasu da suka buɗe shago a Onitsha da sunan Nigeria Chemists, kotu ta hana su amfani da sunan.

Har wa yau, takardar Abuja iyakarta bakin iyaka. Falken Kano mai kai kaya Maraɗi sai ya nemi wata rajistar a ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda takardarta ɗaya take aiki a Nijar da Kamaru da Chadi da sauran ƙasashenta, har shekara 10.