Ta Ina Ruwa Ke Shiga Motar Kawu?

Kawuna yana da tsohuwar akori-kura mai jan ƙafa huɗu, 'yar Kwatano, da yake jigila da ita tsakanin Haɗeja da wani ƙauye a fadamar Kirikasamma, can wajen Baturiya. Ya kai taki da siminti da gishiri, ya dawo da shinkafa shanshera da tattasai da kwalayen banda. Inji lafiya lau, giya na shiga ba gardama. Abu ɗaya ya hana shi sakat: duk bayan 'yan watanni sai bayanta ya fara kuka, kukan da ke ƙaruwa in an taka totur, ya lafa in an ɗaga ƙafa. A kwance notin ƙasan bak-aksul, maimakon man giya garau sai wani abu fari-fari mai kauri ya zubo kamar kunun gyaɗa. Ruwa ne ya gauraya da mai. Man da ya sha ruwa ba ya kare ƙarfe, sai boris ya yi tsatsa ya ɓurme, haƙoran giya su fara cin juna.

Aksul kuwa a rufe yake. Noti ɗaya na zuba mai, ɗaya na tsiyayewa, sil a bakin farfela, sil a kowace ƙafa. To ta ina?

Wanda aka fara zargi shi ne mai sayar da mai, don a wannan zamani in abu ya lalace algus ake fara tunawa. Bakaniken Kawu, wani dattijon matashi mara yawan magana da ke zuwa gida ya yi aikin a ƙofar zaure, bai yi musu ba. Ya ɗora guntun ƙarfe a kan garwashin mai shayi har ya yi zafi, ya ɗiga sabon man daga galan. Ya bazu shiru, ya yi hayaƙi. Ya ɗiga wanda aka tsiyayo daga mota, nan take ya kama ƙara, tas-tas-tas, yana tsalle. Ya ce, "Alhaji, mai mai ya fita. A cikin motarka ruwan ke samun sa."

Sai aka koma kan sil, kuma akwai dalili, don an ga danshin mai a cikin duron birki na hagu. Inda mai ya fita ai ruwa zai shiga. Aka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka sayo sababbi guda uku, aka ɗaura. Ba a rufa wata biyu ba mai ya sake yin fari, sabon sil ɗin ma ya fara zufa. Aka ce to tsagewa ce a jikin aksul, wataƙila ya taɓa dukan kututture. Aka wanke shi da kananzir, aka bar shi ya bushe, aka barbaɗa masa toka, aka yi zagayen gari da motar, aka leƙa da tocila. Da akwai tsaga ko ta kai siririn gashi, da toka ta yi baƙi a wurin. Ba ta yi ba.

A nan ne 'yan majalisa suka shigo da nasu. Wani ya ce a binciki yaron mota, wani ya ce hassadar tasha ce, a nemi taimako. Yaron dai ya rantse har da ƙwalla. Kawu kuma ya yanke nasa hukuncin: motar ce ta yi gajarta. Zai ƙara ganye a sifirin, ya sa manyan tayoyi, ya sa a ƙera masa dogon bututun iskar nan da ke hawa gefen gilashi, irin na motocin ƙungiyoyin agaji.

Bakanike ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, sifirin bodi yake ɗagawa. Aksul yana nan inda yake, a tsakiyar taya. Ka sa tayar da ta fi taka inci biyu, inci ɗaya kacal ka samu a ƙasa, ga ƙarin shan mai, ga nauyi a kan kulocinka. Bututu kuma inji yake karewa, injinka bai taɓa shan ruwa ba." Ni dai a ganina wannan maganar ta fi duk abin da aka faɗa a majalisar amfani, don kuɗin da Kawu ya yi niyyar zubawa, a wannan tsada da ta biyo bayan cire tallafin fetur a 2023, sun kai ribar kaka guda.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne man yana yin fari har da rani. Wanda bai san yankin ba zai ce ai ba ruwa a watan Fabrairu, amma Bahaɗeje ya san ba haka ba ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina tsohuwar al'adarsa ta cika da damina ya ƙafe da rani. Ana sako ruwa kusan tsawon shekara saboda noman rani, kuma ruwan da ba ya yankewa shi kacalla ke so. Ta cike hanyoyin ruwa, ta tare yashi da laka, ruwan da ya kamata ya bi Burum Gana da tsohon kogi ya nufi Gashuwa sai ya karkata ta Marma wajen Nguru, ko ya fantsama gonaki da hanyoyin mota. Saboda haka gab da ƙauyen da Kawu ke zuwa akwai maƙetara da ba ta bushewa. Da rani ruwan yakan tsaya a rabin taya, da damina ya rufe ta.

An san inda ake haɗuwa da ruwan ke nan, ba a san ƙofar da yake bi ba. Kuma ga wani direba, abokin hamayyar Kawu a tasha, motarsa irin ta Kawu ce sak, ta ma fi tsufa, hanya ɗaya suke bi, maƙetara ɗaya, amma shi daga shekara sai shekara yake canza man aksul.

Bakanike ya ce a daina zato, a yi awo. Ruwa ya fi mai nauyi, in mota ta kwana sai ya kwanta a ƙasa. Ya ba yaron mota sifana da gwangwanin madara, ya ce duk inda suka kwana, da asuba kafin a tayar da inji ya sassauta notin ƙasa kaɗan, ya tara abin da ya fara ɗigowa. Aka zuba sabon mai a Haɗeja, suka tafi da yamma, suka ƙetare, suka kwana a ƙauye. Da asuba ruwa ne ya fara ɗigowa, tsurarsa, ya rufe gindin gwangwani kafin mai ya biyo. Yaro ya tsiyaye shi tas, suka yi lodi, suka ƙetare ruwan nan dai da sassafe, suka iso gida. Washegari aka sassauta noti: mai zalla. Aka maimaita, amsa ɗaya. Ruwa yana shiga a tafiya, ba ya shiga a dawowa, alhali zurfinsa bai canza ba, lodin dawowa ma ya fi nauyi.

Yaron da aka zarga shi ya kawo ragowar. Ya ce, "Maigida, shi fa wancan direban ba ya faɗa wa ruwa kai tsaye. In ya iso bakin maƙetara fasinja sauka suke, a yi alwala, a yi la'asar, a sayi soyayyen kifi a ci, sannan ya shiga. Mu kuwa a gida muke salla, in mun taso ba ma tsayawa." Wani a majalisa ya ce to ga shi nan, albarkar sallar bakin ruwa ce. Kawu ya harare shi, ya ce shi ma ai ba ƙaho ya fito masa ba, yana salla.

Bakanike bai yi dariya ba. Ya ɗauki gorar ruwa ta roba da ba komai a ciki, ya ajiye ta a rana kan bonet, baki buɗe, har ta yi zafi. Ya murɗe murfin tam, ya tsoma ta a bokitin ruwan randa. Muna kallo gorar ta motse, gefenta ya lotsa ciki da ƙara.

Ya ce abin da ke faruwa ke nan. Man aksul lita biyu zuwa uku ne, ragowar cikin duk iska ce. Motar da ta yi gudu a kwalta da lodin taki, ta sauka ta yi ta fama da yashi a ƙaramar giya, aksul ɗinta ba ya taɓuwa da hannu. Daga baya na yi lissafin da ilimin makarantar sakandare: iskar da ke kan digiri 80, in aka sauke ta zuwa 25 farat ɗaya, tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin shida. Wannan giɓin sai an cike shi, kuma abin da ke kewaye da aksul a wannan lokaci ruwa ne. Da safe kuwa ƙarfen a sanyaye yake, daga ƙauye zuwa maƙetara ba nisa, ba abin da zai zuƙa. Shi ma ɗaya direban, rabin sa'ar da yake yi a bakin ruwa ce ke sauke masa zafin.

Kawu ya ce, "To masu ƙera mota ba su san da haka ba ne?" Bakanike ya ce sun sani. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya kankare wani curin busasshen taɓo a saman aksul da sukundireba, sai ga wani ɗan noti mai hula, bai kai babban yatsa ba. Mafitar iska ce, kusan kowane aksul yana da ita. Taɓon fadama ya shiga ƙarƙashin hular ya daskare, ya toshe ta. In aksul ya yi zafi iska ta rasa hanya, sai ta tura mai ta bakin sil, wannan ne danshin da aka gani a birki. In ya yi sanyi a cikin ruwa, ta bakin sil ɗin dai yake zuƙa. Sil ɗin da aka canza ba su da laifi ko ɗaya.

Wanke notin kaɗai ba zai wadatar ba, don a kan aksul yake zaune, ruwan damina yana rufe shi. Gyaran da aka yi bai kai kuɗin boris ɗaya ba. Aka cire hular da abin da ke ƙarƙashinta, aka cusa siririn tiyon fetur a kan bututun da ya rage, aka ɗaure da kilif. Aka ja tiyon ya bi jikin shasi, nesa da salansa, ana ɗaure shi da tsinken roba, har ya shiga ɗakin inji ya hau can sama kusa da gilashi. A ƙarshensa aka maƙala filtar fetur ta babur, aka lanƙwasa bakin ya kalli ƙasa, don kada ƙura ko zanzaro su toshe shi. Wuri ɗaya bakanike ya daɗe a kai: daidai inda tiyon ya bar aksul. Ya sa aka ɗaga motar da jak har tayoyin baya suka yi lilo, ya bar wa tiyon rarar da za ta ishe shi a wannan hali, don in aka ja shi tsam, rami na farko zai tsinka shi. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Land Rover Defender da irin wannan dogon tiyo ta riƙa fitowa daga kamfani, kuma masu yawon daji a Ostireliya sukan fara da shi kafin su sayi wani abu mai tsada.

Tunda an buɗe wuri, aka leƙa aksul na gaba, wanda ba wanda ya taɓa kula shi saboda ba ya kuka. Ba ya kuka ne don ba kullum yake ja ba. Shi ma ya sha ruwa, boris ɗaya ya fara tabo. Aka canza, aka yi masa nasa tiyon, aka yi wa giyabos da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya.

Damina ta shigo, yaron bai ajiye gwangwaninsa ba, kuma mai zalla yake samu. Abin da tiyo bai sauya ba shi ne iyakar motar. Giris na boris ɗin ƙafafu har yanzu yana wankewa, sai an duba shi duk wata. Bakin shaƙar iskar inji yana nan a tsayinsa na da, don haka yaron yakan sauka ya shiga gaba da sanda, in ruwa ya kai masa cinya a juya. A watan Satumba, lokacin da kogin ke kaiwa maƙura, kamar a 2020 da 2022 da matasan Haɗeja suka yi ta kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga, Kawu yakan ajiye motar a kan tudu, ya sauke takin a kwalekwale, ya biya kuɗin fito a kan kowane buhu.