Akwatin Kayan Sassaƙa na Gado: A Gyara ko a Bari?

A gidajen masassaƙa da kafintoci na ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum, ba a rasa tsohon akwati a lungun ɗaki: gizago, tsitaka, zarto, madoshi da magagari, duk tsatsa ta rufe su. Mai su ya rasu, magada kuma sun rabu biyu. Wasu na cewa a bar kayan baba yadda ya bar su, wasu na cewa a kai wa mai gwangwan.

Ni dai ina bayan a gyara a yi aiki da su. Ajiya ce ke kashe ƙarfe, damina ɗaya cikin laima ta fi shekarun sassaƙa cin bakin gizago. Tsatsar sama ba komai ba ce, kalanzir da 'yar goga sun ishe ta, sai a wasa a shafa mai. Ƙota in ta tsage, a sassaƙa sabuwa da ƙirya, itacen da turmi ma ke taƙama da shi. Abin da ya wuce gyara shi ne bakin da tsatsa ta yi wa ramuka har ciki, wannan sai maƙeri ya duba ko zai sake komawa wuta.

Akwatin kansa ne ke son taka-tsantsan, kuma a wannan yanki dalilin ya wuce gara. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Dareta, Abare, Yargalma da Tungar Daji, inda yara sama da 400 suka rasu. A lokacin, dutsen zinare mai ɗauke da dalma ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta bi ƙasa, ta bi kwano, ta bi hannun yaro zuwa baki. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yaran, aka kuma kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, amma ƙauyen Bagega sai a 2013 aikin ya kai gare shi. To amma dalma ba ta ruɓewa. Akwatin da ya zauna a irin wannan gida tun lokacin yana iya riƙe ƙurar a tsagoginsa. Ga shi kuma tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya, sau da yawa da dalma aka haɗa shi.

Saboda haka kada a kakkaɓe shi, kada a kankare fentinsa a bushe. A fitar da shi waje, nesa da yara da madafi, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a binne tsumman, a wanke hannu da sabulu. In fentin na ɓarewa, a rufe shi da sabo. In gara ta cinye gindin, a sauya katakon ƙasan kawai, a ɗora akwatin kan duwatsu don kada ya taɓa ƙasa.