Magudanan Ruwa A Unguwar GRA Ta Bauci: Lissafin Jiya Da Ruwan Yau

Tun zamanin Turawa aka keɓe unguwar GRA a birnin Bauci domin manyan ma'aikatan gwamnati. Gidajen suna da faɗin fili da itatuwa da lambuna, saboda haka ƙasa takan shanye yawancin ruwan sama kafin ya kai bakin titi. Amma tun da Bauci ta zama babban birnin jiha a shekarar 1976, gine-gine suka yi ta ƙaruwa, ana rarraba filaye, ana shafe tsakar gida da siminti. Wannan canji kuwa ya taɓa lissafin da ake gina lambatu a kansa.

Injiniyoyi ba da ka suke yanke girman lambatu ko kwalbati ba. Akwai wata ƙa'ida da wani injiniya ɗan ƙasar Ayalan, Thomas Mulvaney, ya bayyana a 1851, wadda har yau ake aiki da ita. Abubuwa uku take dubawa: faɗin filin da ruwansa ke gangarowa, da ƙarfin ruwan da ke zuba cikin awa guda, da kuma kashin ruwan da ƙasa ba ta shanye ba.

Ga misali. Idan ruwa milimita 50 ya sauka a kan hekta guda, ya zama lita 500,000 ke nan. A fili mai ciyawa da rairayi, wajen kashi 20 cikin 100 ne zai gudana, watau lita 100,000. Idan aka shafe filin da kwalta ko siminti, sai ya kai kashi 90, watau lita 450,000. Ashe lambatun da ya ishi gidan jiya ba zai ɗauki ruwan gidan yau ba, ko da ba a zuba masa shara ba.

Har ila yau akwai abin da ake kira ruwan shekara goma. Ba wai sai bayan shekara goma yake zuwa ba. Ma'anarsa, a kowace damina yiwuwar saukarsa ɗaya ce cikin goma, yana kuma iya zuwa shekara biyu a jere, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi yawa a Bauci.

Saboda haka ya kamata Hukumar Raya Birane ta Jihar Bauci ta riƙa neman lissafin ruwa kafin ta amince da sabon gini, a kuma sake awon tsofaffin magudanai bisa alƙaluman Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa. Masu gidaje kuma su bar wa ƙasa ɗan fili ta sha ruwa, gama abin da mutum ya kora daga gidansa, maƙwabcinsa na gangare ne zai kwana a cikinsa.