Allurar Rigakafi da Uzurin Addini: Darasin da Kano ta Koya

Kantin Kwari da ke ƙaramar hukumar Fagge matattara ce ta fatake daga Nijar, Chadi, Kamaru da sauran sassan ƙasar nan. Inda jama'a ke cuɗanya haka, cuta ba ta neman izini kafin ta yaɗu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi bayani kan tambayar da ake yawan yi wa hakimai, dagatai da masu unguwanni: shin mutum na iya ƙin karɓar rigakafi bisa hujjar addini?

Tambayar ba ta tsaya a kanmu kaɗai ba. A watan Agusta na 2021 ma'aikatar tsaron Amurka ta wajabta wa sojojinta allurar korona. Dubbai sun nemi a ɗauke musu saboda addini, ƙalilan aka amince wa, aka kuma sallami sama da 8,000 da suka ƙi karɓa. An janye dokar a watan Janairu na 2023.

Mu a nan Kano mun ɗanɗana irin wannan taƙaddama tun kafin su. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan, bayan Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Nijeriya, ƙarƙashin Dokta Datti Ahmed, ta yi zargin cewa an sa masa sinadarin hana haihuwa. Fargabar jama'a tana da tushe, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba.

Sai dai dakatarwar ta zo da hasara mai yawa. Cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Sudan, Yaman da Indunusiya, kuma a 2006 yaran da ta kama a Nijeriya sun haura 1,000. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dawo da aikin a watan Yuli na 2004, bayan an gamsu da bincike, an kuma samo maganin daga Indunusiya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Daga bisani Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da sarakunan Arewa suka shige gaba wajen wayar da kai. A 2014 aka ga mai cutar na ƙarshe a jihar Kano, a 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Amma har yanzu akwai wani nau'inta da ke kama yaran da ba a ɗiga wa maganin ba.

Bugu da ƙari, Saudiyya kanta ba ta karɓar maniyyaci sai da shaidar rigakafin sanƙarau, haka kuma ɗan kasuwar da zai fita waje saro kaya ana neman katinsa na shawara.

Saboda haka muna kira ga shugabannin al'umma da kada su fara da barazana ga magidancin da ya nuna shakku. A saurare shi, a haɗa shi da limamin unguwa da ma'aikacin lafiya su warware masa. Iyaye kuma su kai 'ya'yansu asibiti mafi kusa, domin rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati.