Yadda Kuskuren Juyen Baƙin Mai Ke Haddasa Gobara a Mota da Hanyoyin Gyaran Waya

Gabatarwa

Ƙaramar hukumar Bagudo tana jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Sakkwato a shekarar 1991, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Daga garuruwa irin su Sharabi da Ka'oje da Illo, har zuwa Tsamiya da Lolo da ke bakin iyaka, mota ce ke kai shinkafa da albasa da kifi kasuwa, ita ce kuma ke kai mara lafiya asibiti. Da yawa daga cikin motocin nan 'yan kwatano ne, wato waɗanda aka gama yayinsu a Turai kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Idan irin wannan mota ta kama da wuta a tsakiyar daji, kafin 'yan kwana-kwana su iso ta riga ta zama toka, jarin gida guda ya salwanta. Sau da yawa kuwa musabbabin gobarar ɗan ƙaramin kuskure ne da aka yi a garejin bakanike. Wannan maƙala za ta yi bayanin kimiyyar da ke cikin al'amarin.

Rukunan Wuta Uku

Kamar yadda tukunya ba ta zama sai a kan duwatsun murhu uku, haka wuta ba ta tashi sai abubuwa uku sun haɗu: makamashi da iskar oksijin da zafi. Dukkansu suna nan a ƙarƙashin bonet. Makamashin shi ne fetur da baƙin mai da man birki da robobin waya. Oksijin kuwa kashi 21 cikin 100 ne na iskar da ake shaƙa. Zafi kuma yana fitowa daga salansa, musamman wuyanta da ke manne da inji, wanda kan kai digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, ko ma fiye, idan mota ta ɗauki kaya ta yi doguwar tafiya.

Ana ɗaukar baƙin mai a matsayin abu maras haɗari saboda ashana ba ta kunna shi da sauƙi. Gaskiya ne sai ya yi zafin da ya kai wajen digiri 200 kafin ya fitar da tururin da zai iya kamawa, alhali fetur yana fitar da nasa ko da a cikin sanyin ƙanƙara. To amma idan fetur ya ɗiga a kan ƙarfe mai zafi yakan bi iska nan da nan. Baƙin mai kuwa saboda kaurinsa sai ya lafe a jikin ƙarfen yana tafasa, yana hayaƙi, har ya kama da kansa ba tare da tartsatsi ba. Zafin wuyan salansa ya isa ya yi wannan aiki.

Kurakuran da Ake Yi Wajen Juye

Kuskure mafi haɗari ya shafi filtar mai. Kowace filta tana da zoben roba a bakinta wanda ke hana yoyo. Wani lokaci idan aka kwance tsohuwar filta sai zobenta ya maƙale a jikin inji. Idan bakanike bai lura ba ya ɗaura sabuwa a kai, zobba biyu sun hau juna ke nan. Mota za ta iya barin gareji lafiya, amma da inji ya ɗauki gudu, famfon mai ya ƙara matsi, sai zobe guda ya zame, mai ya yi feshi a kan salansa.

Wannan ya taɓa faruwa a zahiri. A shekarar 2004 an samu rahotanni a Amurka cewa wasu motoci ƙirar Honda CR-V na 2003 da 2004 sun kama da wuta jim kaɗan bayan juyen mai na farko. Bincike ya danganta abin da zoben tsohuwar filta da ya maƙale, ko kuma sabon da aka matse ba daidai ba. Haka kuma a shekarar 2015 kamfanin General Motors ya yi kiranyen motoci kimanin miliyan 1.4, ƙirar 1997 zuwa 2004, saboda mai yana ɗiga a kan wuyan salansarsu yana tayar da gobara. Idan haka ta faru a inda ake da kayan aiki na zamani, to garejin gindin bishiya ya fi buƙatar lura.

Sauran kurakuran sun haɗa da mantawa da murfin da ake zuba mai, da rashin ɗaure notin ƙasan inji sosai, da barin man da ya zube a jikin inji ba a goge ba, da mance tsumma mai maiƙo kusa da salansa. Cika mai fiye da alamar da ke jikin sandar awo shi ma kuskure ne, domin ƙarafan inji za su riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, ya nemi mafita ta inda roba ta yi rauni. Akwai kuma ɗabi'ar wanke inji da fetur, wadda tamkar yayyafa wa garwashi mai ce.

A yankunan iyaka akwai wani ƙarin haɗari. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyakokin ƙasa, domin daƙile fasa-ƙwauri. Duk inda gidan mai ya yi nisa, direba kan ɗauki jarkar fetur a mota ko ya saya a hannun 'yan bumburutu. Ƙaramar wuta a inji takan zama babbar musiba idan ta tarar da jarka.

Waya da Fiyus

Wutar da ta tashi daga mai takan fara cin robar wayoyi, daga nan sai gobara ta biyu ta biyo baya. Batirin mota bolt 12 ne kacal, ba ya jan mutum, amma yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido. Jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da kan batir mai alamar ragi (−). Saboda haka duk wayar da ta taso daga kan da ke da alamar tarawa (+), idan robarta ta narke ta taɓa ƙarfe, lantarki ya sami gajeriyar hanya.

Masanin kimiyya Bajamushe Georg Ohm ya nuna a 1827 cewa idan turjiya ta ragu, gudun lantarki yana ƙaruwa. Shi kuma James Joule na ƙasar Ingila ya gano a wajajen 1840 cewa zafin da waya ke fitarwa yana bin ninkin gudun lantarkin a kan kansa. Alal misali, fitilun gaba guda biyu masu wat 55 kowace suna jan kimanin amfiya 9. Idan waya ta taɓa jiki gudun ya koma amfiya 90, ya ninka sau 10 ke nan, zafin kuwa zai ninka sau 100. Robar waya ba ta jure zafin da ya wuce digiri 100 da 'yan kai na tsawon lokaci, don haka sai ta narke ta kama.

Aikin fiyus shi ne ya tsinke kafin haka ta faru. Siririn ƙarfe ne da aka auna domin ya narke idan lantarki ya wuce ƙima, kuma launinsa yana nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya maye gurbin fiyus da igiyar waya ko takardar gwangwanin taba ya kori mai gadi ya bar ƙofa a buɗe.

Idan Wuta ta Tashi

Direba ya tsaya a gefen hanya, nesa da busasshiyar ciyawa, ya kashe inji domin famfon mai da na fetur su tsaya, sannan ya fitar da fasinjoji. Kada ya wage bonet, domin iskar da za ta shiga ita wutar ke jira. Ya ɗan sassauta shi, ya fesa tukunyar kashe gobara ta kafar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta wajabta ajiye wannan tukunya a mota. Idan babu, yashi ya fi guga guda na ruwa, domin ruwa yana tafasa a digiri 100 ya koma tururi mai ninka girmansa kusan sau 1,700, ya watsa man da ke ci. Idan wutar ta yi ƙarfi, a yi nesa da motar, domin rai ya fi dukiya.

Gyaran Wayoyin da Suka Ƙone

Matakin farko shi ne cire kan batir mai alamar ragi. Da shi ake farawa, domin ko sifana ta taɓa jikin mota ba za a ga tartsatsi ba. Sai a share garin tukunyar kashe gobara, saboda yana cin ƙarfe idan ya haɗu da laima. Daga nan a gano inda man ya fito a gyara, in ba haka ba an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Bayan haka mai gyaran wayarin ya warware damin wayoyin har ya wuce inda wuta ta tsaya, domin zafi yana bin jan ƙarfe ya lalata roba a inda ido ba ya gani. Duk wayar da robarta ta ƙandare, ko jan ƙarfenta ya yi baƙi, a yanke ta har zuwa inda take sheƙi. A yi mata ƙari da waya mai kauri iri ɗaya ko wadda ta ɗan fi ta, ɗaya bayan ɗaya, ana bin launi. Murɗe waya da hannu a naɗe da salatif ba gyara ba ne: girgizar hanya za ta sassauta mahaɗar, turjiya ta ƙaru a wurin, zafi ya taru. Ya kamata a matse ta da maɗauri na ƙarfe ko a like da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, a kuma ɗaure damin nesa da salansa. Wayoyin jakar iska, waɗanda galibi rawaya ne, da na ƙwaƙwalwar mota, gara a sauya su ɗungurungum.

Kafin a mayar da batir, a kashe komai, a rufe ƙofofi, a sa ƙaramin ƙwan fitila tsakanin kan batir da wayarsa. Idan ya haska sosai, akwai sauran wayar da ke taɓa jiki. Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai wannan gwaji a aji da batir da ƙwai da fiyus.

Kammalawa

Bayan kowane juye, mai mota ya nemi a nuna masa tsohuwar filta da zobenta a jiki. A tayar da inji na 'yan mintoci, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, a kashe, a auna mai, a tabbata murfi ya rufu. Wannan dubawa ba ta cin minti goma, kuma ɗalibin da ya fahimci dalilinta zai iya tsare motar gidansu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.