Tattaki cikin daji da yamma: Maganin da babu shi a kantina



Akwai wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke zuwa kantinmu duk wata karɓar maganin hawan jini. Ran nan na auna shi, na ga jinin bai sauka yadda ake so ba, alhali mutum ne da ba ya wasa da shan magani. Na ce, "Baba, yaushe rabonka da ka yi tafiyar rabin awa a ƙasa?" Sai ya yi dariya ya ce, "'Yata, a Ikko? Daga ɗaki sai danfo, daga danfo sai rumfa. Rabona da in tsaya in ga faɗuwar rana tun ina gida."

Ya tafi ya bar ni da tambayata, don ni ma amsar ke nan. Tun safe ina tsaye bayan kanta a ƙarƙashin farar fitila, ba na sanin rana ta faɗi sai na ji kiran salla. Yarana kuwa biri da kunkuru a waya kawai suka san su. Wannan ne ya sa wata Asabar na bar kanti a hannun abokiyar aikina, muka ɗebi yara da surukata, maigida ya ja mu sai Lekki Conservation Centre.

Ga wanda bai sani ba, daji ne mai faɗin hekta 78 a gefen babbar hanyar Lekki zuwa Epe, wanda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, ta keɓe tun 1990. Gine-gine sun kewaye shi ta ko'ina, amma kana shiga sai ƙarar motoci ta soma ja da baya. An shimfiɗa doguwar hanya ta katako a kan fadama, kana tafe ruwa na ƙarƙashinka, ganyaye sun yi maka rumfa, iskar ma ta fi ta waje sanyi. Birai su ne masu gida. Irin waɗanda ake kira mona ne, masu farin ƙirji da doguwar jela, kuma ba sa tsoron mutum ko kaɗan. Mun ga ɗawisu, mun ga guza ya ratsa ta ƙarƙashin katako, sannan ga wani ƙaton kunkuru da yara suka kewaye suka ƙi tafiya. Akwai kadoji a fadamar, amma ranar ba su fito ba, surukata ta ce gara haka.

Abin da ya fi jan mutane shi ne gadar igiya da aka ɗaura a saman bishiyoyi, mai tsawon mita 401, wadda ƙololuwarta ta haura mita 22 daga ƙasa. Na hau. Ba zan ɓoye muku ba, gwiwoyina sun yi rawa, kuma duk addu'ar da na iya sai da na karanta ta. Amma daga can sama ka ga daji shimfiɗe kore shar, ka hango benayen Legas can nesa, sai ka ji kirjinka ya buɗe. Akwai ƙa'idar shekaru wajen hawa, don haka ba a barin ƙananan yara. Ni kuma zan ƙara da cewa mai yawan jiri, da mai ciwon zuciya, da mace mai tsohon ciki, su haƙura su tsaya a ƙasa. Hanyar katakon ma ta wadatar.

Da muka zauna hutawa na duba waya, ashe mun fi awa guda muna tafiya, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, har da Hajiya da ke kukan gwiwa daga falo zuwa kicin. A nan nake ganin amfanin irin wannan fita yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yara 'yan shekara 5 zuwa 17 kuma awa guda kullum. Na sha faɗa wa masu sayen magani wannan, su ce to, su tafi ba su yi ba, domin zagaye tsakar gida sau hamsin ba abin marmari ba ne. Idan kuwa ido na kallon wani abu, ƙafa ba ta lissafi. Tafiya a kai a kai tana rage hawan jini da 'yan maki, tana taimaka wa jiki ƙona suga, tana gyara barci. Ba ta maye gurbin ƙwaya, kada wani ya ajiye maganinsa ya ce ni na ce. Su kuma yara, zama a waje cikin hasken rana na rage musu haɗarin matsalar idon nan ta rashin hangen nesa, wadda ke ta yawaita a tsakanin yaran birni.

Yanzu bari in sa rigar aikina, don akwai magungunan da ba sa jituwa da doguwar tafiya cikin zafi idan ba a shirya ba.

Idan kana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, irin su Moduretic da Lasix, jikinka na zubar da ruwa ta hanya biyu, fitsari da gumi. Ka riƙe gorar ruwa kana kurɓa, kuma idan ka zauna kada ka miƙe zumbur, jiri na iya kayar da kai. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan Daonil shi na fi ji wa tsoro, domin tafiya na iya sauke masa suga fiye da kima. Kada ya fita da yunwa, kuma ya sa dabino ko alewa a aljihu. Da ya ji gumi mai sanyi, ko rawar hannu, ko yunwa ta taso masa farat ɗaya, ya zauna ya ci nan take, ba sai an koma mota ba. Ya kuma sa takalmi rufaffe da safa, in an dawo gida a duba tafin ƙafarsa. Mai asma kada ya bar abin shaƙarsa a gida. Mai shan doxycycline ko ciprofloxacin fatarsa na saurin ƙonewa a rana. Haka ke ma 'yar uwa mai shafa man bilicin, kin riga kin rage wa fatarki kariyar da take da ita, rana za ta fi yi miki illa. Wannan maganar sai mun ware mata mako guda.

Sai batun birai. Ƙaramar 'yata na riƙe da ledar cincin, kafin in buɗe baki wani ya diro ya fizge ya haye bishiya. Ta yi ta kuka, yayanta na dariya, ni kuwa hannunta nake juyawa ina neman ko ya yakushe ta. Allah Ya kiyaye bai taɓa ta ba. Ku ɓoye abinci a jaka, kada ku miƙa musu komai. Idan biri ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a wuce asibiti a ranar don a duba batun allurar ciwon haukan kare da ta tetanus. Ba kare kaɗai ke ɗauke da wannan cuta ba, kuma idan alamunta suka bayyana kusan ba a tashi. Maciji kuwa ba kasafai ake haɗuwa da shi ba muddin ba a sauka daga hanya ba. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa babban asibiti.

Ana rufe dajin tun rana na sama, saboda haka faɗuwarta a hanya muka kalla, a kan gadar Lekki zuwa Ikoyi, inda masu tattaki da masu gudu ke cika da yamma. Rana ta yi jawur a kan ruwa, balbelu na wucewa layi-layi za su makwanci. Hajiya ta yi shiru tana kallo, can ta ce rabonta da ganin wannan tun tana budurwa suna dawowa daga rafi. A Legas rana na faɗuwa ne tsakanin wajen shida da rabi a watan Nuwamba zuwa bakwai da 'yan mintuna a watan Yuli, kuma duhu ba ya jinkiri. Mu da aka rene mu da shigar da yara gida kafin magariba, lokacinmu shi ne bayan la'asar. Hakan ya yi daidai da lafiya ma, don da almuru ne sauron maleriya ke fara aiki. A sa wa yara kaya masu dogon hannu, a shafa musu man korar sauro a inda ke buɗe, ban da jaririn da bai kai wata biyu ba.

Na san daga Agege ko Idi-Araba zuwa Lekki tafiya ce, ga gosulo, ga kuɗin shiga. Wannan sai lokaci-lokaci. Na kowane mako shi ne wanda ke kusa da ku: lambunan Alausa a Ikeja, ko Agodi ga mutanen Sabon Ibadan, ko bakin tafkin Jabi ga na Abuja.

Da Baba mai albasa ya dawo na ba shi labari, ya ce shi ba zai biya kuɗi ya kalli biri ba, ya gan su ya gaji a gonar mahaifinsa. Amma mun yi yarjejeniya zai riƙa sauka daga danfo tasha biyu kafin tasu ya ƙarasa da ƙafa. Ƙarshen wata zai zo mu sake awo.