Giyar hannu ta akori-kura: abin da za a duba kafin a sauke giyabos

Da yawa daga cikinmu mazauna Agege, Sabon Ibadan, Shagamu ko Fatakwal mun bar wata tsohuwar mota a gida tana nema wa iyali na cefane. Rana ɗaya sai ka ji waya: "Yaya, giya ta ƙi shiga, bakanike ya ce sai an sauke giyabos, a turo kuɗi." Kai kuwa kana nesa, ba ka ga mota ba, ba ka ji ƙararta ba, sai dai ka tura. Ni ma an yi mini irin wannan wayar, kuma da na tura kuɗin nan da na yi asarar banza.

Motar tamu Fijo 404 ce, akori-kura, wadda marigayi mahaifinmu ya bari a Kafanchan. Ƙanena ke tuƙa ta, yana ɗauko citta daga ƙauyukan Kwoi, wani lokaci masara ko doya. A 1960 aka fara fitar da 404 a Faransa, kuma da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, sai ta zama motar gida. Sandar giyarta a jikin sitiyari take, abin da muke kira giyar hannu. Shi ya sa mutum uku ke zama a gaba ba tare da sanda ta tokare ƙafar na tsakiya ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga cutar da ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a wannan shekarar, ba mai zancen sabuwar mota. Ta hannu ita ake lallaɓawa.

Da wayar ta zo lokacin kwasar citta ne, sai na ce kada a taɓa komai, ina tafe. Na tarar giya ta ɗaya da ta biyu suna shiga da ƙyar, ta uku sai an yi lalube, sandar kuma tana reto kamar muciya a tukunyar da ba tuwo. Muka ja motar zuwa wurin wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan Fijo. Ko ƙarƙashi bai shiga ba, ya kama sandar ya girgiza, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka giyabos ne? Buɗe bonet ka gani da idonka."

Ga abin da ya nuna mini. A motar da giyarta ke ƙasa, sandar kusan a kan giyabos take zaune. A giyar hannu kuwa akwai tafiya tsakaninsu. Sandar tana juya wani dogon ƙarfe da ya bi jikin sitiyari ya sauka wajen inji. Daga can wasu rodi ne ke kai saƙo zuwa hannuwa biyu da ke jikin giyabos. Idan ka jawo sandar zuwa ƙirjinka ko ka tura ta gaba, rodi ɗaya ke aiki, shi ke zaɓen layi. Idan ka ɗaga ta sama ko ka sauke, ɗayan ke aiki, shi ke cusa giyar. A kowace gaɓa akwai bushin na roba ko ƙwallon ƙarfe mai zama cikin kofi. Kowanne ya ci kaɗan, sai wasan ya taru, ka motsa sanda taƙi guda amma abin da ya isa giyabos bai kai rabi ba. Ƙurar rani da taɓon damina na hanyoyinmu kuwa, in suka haɗu da tsohon giris, sai su zama kamar yashi mai goge ƙarfe.

Gwaji uku ya yi, kuma kowa zai iya sa a yi masa su ko ta waya.

Na farko, a kashe mota, a taka kuloci, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. In suna shiga lafiya a kashe, amma da an tayar sai gurzawa da ƙara, musamman a ribas, to kuloci ne ba ya saki sosai. A duba mansa da saitinsa.

Na biyu, mutum ɗaya ya zauna yana motsa sanda a hankali, ɗaya yana kallon rodin. Duk gaɓar da ɓangare ɗaya ya motsa ɗayan yana tsaye, nan ciwon yake.

Na uku shi ne mai raba gardama. A cire rodin daga jikin giyabos, a motsa hannuwan giyabos ɗin da hannu. In kowace giya ta shiga ƙwas, ta zauna daram, giyabos lafiya lau yake. Amma don Allah, kafin kowa ya shiga ƙarƙashi, a kashe mota, a cire waya ɗaya ta batir, a sa wa tayoyi waigi gaba da baya. Kada a dogara da jak kaɗai.

A tamu motar, bushin biyu sun narke, wani kuma ya taɓa ɗaure gaɓa ɗaya da waya da robar tib. Sai kuma abin da ban taɓa zato ba: robar mazaunin inji ta ɓangare ɗaya ta zauna. Na ce, "Baba, me ya haɗa wannan da giya?" Ya ce sitiyari a jikin bodi yake ɗaure, giyabos kuwa a jikin inji. In inji ya sunkuya, nisan da ke tsakaninsu ya canza, rodin da jiya ya yi daidai yau ya yi gajere ko ya yi tsawo. Don haka wanda ya yi saiti bai canza wannan robar ba, bayan sati biyu zai dawo.

Aikin kansa bai kai yini ba. Ya fara canza robar mazaunin inji. Ya sa wa kowane rodi alama da fenti, ya ƙirga zaren noti kafin ya kwance, don kada saitin asali ya ɓace. Aka wanke komai da kananzir, aka sa sababbin bushin, aka shafa giris, har da cikin ƙarfen da ke bin sitiyari. Wajen saiti, ya sa giyabos a firi, ya sa ƙanena ya riƙe sanda a tsakiya, sannan ya riƙa juya rodin rabi-rabi har gaɓar ta zauna da kanta ba tare da an ja ko an danna ba. In sai an tilasta ta, saitin bai yi ba. Daga nan muka fita hanyar Kagoro muka gwada ta, har da ribas.

Ba na cewa giyabos ba ya lalacewa. In giya ɗaya tak ke gurzawa kullum alhali kuloci lafiya, ko giya ta shiga sosai amma tana tsalle ta koma firi da an saki totur, ko ana jin kuka daga ciki, ko an juye mai an ga ɓarɓashin ƙarfe, to wannan kam sai an sauke. Abin da nake cewa, a fara da mai araha.

Kada kuma a ce tunda tana tafiya a bar ta haka. Duk wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo daga Jos da lodi ya san giya ke riƙe mota, birki taimako ne kawai. Ka fita daga ta uku kana neman ta biyu, sanda ta ƙi, mota ta zauna a firi a kan gangara da buhuna a baya, wallahi ba wanda zai so wa maƙiyinsa wannan.

Wasu za su ce a huda bodi a mayar da ita giyar ƙasa a huta. Ana yi, amma za ka rasa wurin mutum na uku, kuma in mai walda bai iya ba, ƙura da zafi da hayaƙi ta nan za su riƙa shigowa. Ni ban ga dalili ba tunda kayan suna samuwa. A nema a Panteka ta Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko Gate a Ibadan. Ka sa a aiko maka tsohon bushin ko rodin ta hannun direban tasha ka tafi da shi a gwada, don ba duk 404 ke da iri ɗaya ba. In ba a samu ba, masu injin tanin suna sassaƙa bushin daidai awo.

Don haka in wayar nan ta same ka, ka ce a cire rodin, a gwada giyabos da hannu, a ɗauko maka bidiyo ta WhatsApp. Abin da na kashe a ranar bai kai kuɗin motata daga Legas zuwa Kafanchan ba, kuma washegari motar ta koma ɗaukar citta. Allah ya kiyaye hanya.